Tayoyin da Baba Ya Kwance da Hannunsa

Allah ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, kafin azahar an kai Baba makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗa, na sake faɗa, har yau ina faɗa, amma zuciya ba ta jin magana da wuri.

Ban san Birnin Kudu na da direbobi da yawa haka ba sai ranar. Tasha ta watse kaf, motoci a jere babu mai tayar da su, fasinjan Kano da na Gwaram suna zaune a kan kayansu suna jiran a dawo daga maƙabarta. Mata suka cika tsakar gidanmu, na Wurno, na Sundimina, wasu ban ma taɓa ganinsu ba. Wata tsohuwa mai tallar nono ta kama hannuna ta ce, "Ashe mai facin nan ne da ke hana mu shiga mota? Allah sarki! Sau nawa na zage shi a raina, rana na yi, nonona na tsami." Ta yi dariya, dariyar ta juye mata kuka, sai da aka ba ta ruwa.

Maza kuwa daga zaure nake jiyo su. "Mutumin kirki." "Ba shi da abokin faɗa." Ba shi da abokin faɗa! Na ce a raina, ku ji min mutane. Bakunan nan su ne suka yi shekaru suna cewa notin kansa ya kwance. Ban tanka ba, don gidan makoki ne, kuma na san Baba ba zai so ba.

Mutum ɗaya ne bai yi yabon ba, Alhaji sarkin tasha, wanda suka fi kowa tsama da Baba. Ya zo bakin ƙofa ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce, "Mun gode Allah, Alhaji." Sannan ya ce, "Ta Gwaram ta zo?" Na ce ba ta zo ba. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya haɗiye, ya juya.

Ta Gwaram ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba ciki ɗaya, kuma uwar mijina marigayi. Tun ranar da aka binne ɗanta ba ta sake yi wa Baba magana ba. Da liman ya ɗaga murya a ƙofar gida ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, maza suka amsa a waje, mu ma muka amsa a ciki. Ni dai ƙofa nake kallo. Bayan cikawa da imani, babu abin da Baba ya roƙa a duniya kamar kalma ɗaya daga bakin Gwaggo, ga shi an ɗauke shi ba ta faɗa ba.

Ina so a san wane ne shi kafin masu gyara labari su gama gyarawa.

Da facin keke ya fara. Shekarar da Turawa suka miƙa mulki ya kafa rumfarsa a bakin tasha, a gindin darbejiya, lokacin motocin gyaɗa ne ke cin kasuwarsu. Kayan aikinsa ba su da yawa: jak, sifana, famfo, da rabin duro na ruwa da yake tsoma robar ciki ya ga inda take kumfa. In ya ƙwanƙwasa taya da sifana ya kara kunne, zai gaya maka ko iska ta ishe ta. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". In na kai masa abinci ba ya duban fuskata, amma ƙashin da ya fi nama shi yake turowa gefen kwano ya ce ya ƙoshi.

Yana da maganganunsa da duk tasha ta haddace. In direba na cika baki da injinsa, sai ya ce, "Inji surutu ne, taya ce tafiya." A kan safaya kuwa, tayar ko-ta-kwana da ake ɗaurewa a bayan mota, cewa yake, "Safaya rakiya ce. Mai rakiya kuwa bakin gari yake juyawa. In ka ce sai ya kai ka gida, ka zalunce shi."

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya tashi sai ya yi mota. Ɗan kamasho ya saya, mai shayi ya saya, a-kori-kura ta cika hanyar Gwaram. Sai dai sabuwar taya ta yi wuyar samu, ana cewa jiragen ruwa sun yi cirko-cirko a Ikko babu wurin sauke kaya. Motoci suka koma tafiya a kan suɗaɗɗun tayoyi, zanensu duk ya goge, wasu har zare ya leƙo. Ga shi kuma dole lokaci-lokaci a kai mota Kano wurin mai duba motoci, wanda direbobi ke kira bi-ai-o. Yana duba birki, yana duba fitila, ya zo kan taya ya sa babban yatsa cikin zane. Suɗaɗɗiya ba ta wucewa. Motar da ke tsaye a kan safayar da ba ta yi daidai da 'yan uwanta ba, ita ma ba ta wucewa.

Sai direbobin a-kori-kura suka haɗa hannu suka samo sababbin tayoyi na mota guda, har da safayarsu. Suka ba Baba ajiya, don shi ne mai amana. Kayan biki ake ce musu. Ranar da layinka ya zo, Baba ya kwance tsofaffinka ya ɗaura maka su, ka je Kano a duba, ka dawo. A ranar da ka dawo a ranar za a kwance, a mayar maka da naka, na bayanka ya karɓa. Ba sani ba sabo. Wallahi babu wanda ya ɗauke shi laifi a lokacin. Gani muke kamar mace ta ari zanen maƙwabciya ta je suna. Baba har jar ƙasa yake shafa musu kada mutumin Kano ya gane na jiya ne suka dawo, in yana ba da labari yana dariya muna dariya.

Maigidana a hannun Baba ya tashi. Gwaggo ce ta kawo shi ya koyi faci, ya gudu ya koyi tuƙi. Auren zumunci aka yi mana, amma kada wani ya ji tausayina, ni na so abina shi ma ya so ni. Mutum ne mai barkwanci, ba ya shiga wuri a rasa dariya. In ya dawo daga Gwaram da la'asar, tun daga kwanar shiga gari yake matsa odar motarsa, wani irin kiɗa nasa da kowa ya sani. Da na ji sai in ɗora ruwan wanka.

Abin da ya faru ranar ba a gabana aka yi ba. Sau ɗaya Baba ya ba ni labarin, sauran kuwa tasha ta maimaita shi har na haddace.

Ƙarshen damina ne. Maigidana ya dawo daga Kano bayan azahar, mota ta wuce dubawa, tana tsaye a kan kayan biki. Ga fasinjan Gwaram sun taru, ga buhunan gishiri da garewanin kananzir. Ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Kawu, a bar min su zuwa gobe da sassafe. Gwaram kawai zan je in dawo."

Baba ya ce, "Layin wa ne gobe?"

Layin Alhaji ne, lokacin bai je Makka ba, bai zama sarkin tasha ba, direba ne kamar kowa. Shi da bakinsa ya ce, "Malam, a bar masa mana. Ni sai hantsi zan kama hanya."

Baba ya dubi mutanen da ke zaune a rumfar, duk ido a kansa. Ɗan ƙanwarsa ne, surukinsa ne, a gidansa ya girma. Da bare ne ya roƙa, na rantse da ya bar masa. Amma nasa ne, kara ba za ta bar shi ba. Ya ce, "In na bar wa nawa, gobe da wane ido zan hana na wani?" Ya jawo jak da kansa.

Da ya zo mayar da tsofaffin, ya ga ɗaya ta gaba ta yi ƙulli a gefe, ya ce wannan ba za ta koma ba. Ya shiga rumfa ya fito da wata safaya mai faci, ta wata mota ce daban, ba ta kai sauran girma ba. Ya ɗaura ta, ya ɗaure noti, ya ce, "A hankali. Ta raka ka ka dawo, in nemo maka wata."

Maigidana ya yi dariya ya ce, "Kawu, ba kai ka ce mai rakiya bakin gari yake juyawa ba?"

Baba ya ce, "Tafi can, sarkin surutu."

Wannan wurin ne ya daɗe yana cin raina. Mutumin da ya san safaya haka, me ya hana shi cewa a sauke kaya, a kwana, gobe a tafi? Na tambaye shi ranar da ya ba ni labarin. Ya ce, "Ke dai na kwance, na ɗaura."

A wata gangara kafin a kai Gwaram, dab da kwalbati, safayar ta fashe. Mota ta ƙwace, ta juya cikin kwari da mutane da gishiri da komai. Maigidana ko shurawa bai yi ba, kuma ba shi kaɗai ya tafi ba. Ni ina gida na ɗora ruwan wanka, na sauke, na sake ɗorawa.

Kashegari motar Alhaji ta ƙi tashi. Aka tura, aka tura, ta ƙi, Kanon da bai je ba ke nan. Kayan biki suka wuni a jingine a bangon rumfa, baƙi wuluk, babu wanda ya taɓa su. Gwaggo ta sauka a tasha za ta zo jana'iza, an riga an ba ta labari a hanya, ta bi ta gaban rumfar ta gan su. Da ta shigo gida ba ta yi kuka ba. Ta je gaban Baba ta durƙusa kamar mai gaisuwa, a gaban kowa, ta ce, "Yaya, na ga sababbin tayoyi a jingine a rumfarka. Wa kake ajiye wa?"

Baba bai ɗaga kai ba. Maganarta ta ƙarshe da shi ke nan.

Da na fita takaba na kafa tukunyar shinkafa da wake a gefen rumfarsa, don in na zauna a ɗaki tunani zai kashe ni. Saboda haka abin da ya biyo baya da idona na gani.

Wata safiya ya gangaro da kayan biki ɗaya bayan ɗaya har tsakiyar tasha, ya ce masu su zo su ɗauki abinsu, shi ya daina. Direbobi suka yi masa caa. Alhaji ya ce, "Haba Malam, ƙaddara ce. In kwana ya ƙare, ko a kan sababbin ne sai an tafi."

Baba ya ce, "Na yarda da ƙaddara. Amma da sifanata aka ɗaure ta."

"To mu yaya kake so mu yi? Mu ajiye motocin mu ci ƙasa?"

"Ban sani ba, Alhaji. Abin da na sani, zanen aro ba ya rufe katara. Mutumin Kano ya ga taya mai kyau ya ce mota ta wuce, ya yi aikinsa. Wa muka yaudara? Hanya ba ta karanta takarda."

Alhaji ya ce, "Da can da kake shafa musu jar ƙasa ba ka san haka ba? Sai da ta taɓa naka?"

Na zaci Baba zai mare shi. Sai kawai ya ce, "Ka yi gaskiya." Ya koma rumfa ya zauna. Suka kwashi tayoyin suka kai wa wani mai faci a ɗaya bakin tashar, suka tafi da cinikinsu gaba ɗaya. Shekarar nan tukunyata ce ta riƙe gidan. Shi da Alhaji kuwa, in ban da sallama, babu abin da ke haɗa su.

Daga nan ya ɗauki ɗabi'ar da aka san shi da ita. Duk motar da ta gama lodi, sai ya tashi ya zagaye ta, ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a kan kowace taya, kamar mai taɓa goshin yaro ya ji zazzaɓi. In ya gamsu ya koma ya zauna. In ya ga suɗaɗɗiya, ko ya ga safaya a gaba, sai ya leƙa ya ce, "Jama'a, ku sauka. Wannan ba za ta kai ku ba." Wasu su sauka, wasu su yi tsaki. 'Yan tasha suka sa masa suna bi-ai-on Birnin Kudu, suna ce masa, "Ranka ya daɗe, ina hular aikin?" Ba ya kula su.

Akwai ranar da wani direba mai ji da ƙarfi ya hankaɗe shi ya faɗi a kan duron ruwansa. Na fito da ludayin miya a hannu, wallahi da ba a riƙe ni ba da sai an kai wani asibiti. Na wanke shi tas, na haɗa da masu kallo. Kun san wa Baba ya yi wa faɗa? Ni. Ya tashi rigarsa sharkaf ya ce, "Ke, koma kan tukunyarki. Abincinsa na taɓa, dole ya ji haushi." Sannan ya sake zagayawa ya nuna wa direban tayar, ya ce ya kawo ya canza masa da wata mai dama-dama, ba sai ya ba da komai ba.

Gidajen sauran da suka rasu a motar, duk ya bi su a keke ɗaya bayan ɗaya, har rugage. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, ya nemi gafara. Kowa ya ce ya yafe, Allah ne ya kawo. Bai tsaya nan ba. Duk rani sai ya yanka robar ciki ya ɗinka guga, ya yanka tsohuwar taya ya yi takalma, ya ɗaure a bayan keke ya kai wa marayun. Har suka girma suna kiransa Baba mai guga, wasunsu ba su ma san dalili ba.

Safayar da ta fashe kuwa, da kansa ya je kwarin ya ɗauko ta, ya rataye a reshen darbejiya, daidai saman inda yake zama. Da damina ruwa ya taru a cikinta, in iska ta kaɗa ta riƙa juyawa a hankali tana ɗiga. Na tsani ganinta. Na ce masa, "Baba, don girman Allah a jefar da abin nan." Ya ce, "Bar ta. Ita ba ta yi laifi ba, abin da ya fi ƙarfinta aka ɗora mata."

Sai kuma la'asar. Ko me yake yi, da rana ta karkata sai hannunsa ya tsaya, sifana a sama, ya juya kunne wajen hanyar Gwaram. Ya ce, "Ke, kin ji?"

In ce, "Me, Baba?"

"Oda."

In ce ban ji komai ba, iska ce. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da aiki. To amma tunda yau ba ya nan, bari in faɗa: akwai ranakun da ni ma na ji. Can nesa, daga kwanar shiga gari, kiɗan nan nasa. In tsaya da ludayi a hannu, in jira motar ta ɓullo. Ba ta taɓa ɓullowa ba.

Kowace Sallah yana gama idi zai hau keke ya nufi Gwaram, da tsufansa, ya kwana a hanya in dare ya yi masa. Ya yi sallama a ƙofar gidan Gwaggo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ta aiko da ruwa, ta aiko da fura mai kyau, wadda ta san yana so. Amma ba ta fitowa, ba ta aiko da magana. Ya zauna har inuwa ta juya, ya ce a gaishe ta, ya hau kekensa.

Ni kuwa ba ta taɓa juya min baya ba. In na je ta rasa inda za ta sa ni, ta yanka min kaza, ta kwana tana min hira. Amma da na kawo sunan Baba sai ta ɗauki mazari ta kama kaɗi. In na dawo, tun kafin in sauke kaya zai ce, "Kin same su lafiya? Ta ce wani abu?" In ce ba ta ce ba. Ya ce, "To." Shekara da shekaru ina wannan jigila, ina dawowa hannu rabbana.

Wata rana haƙurina ya ƙare na ce mata, "Gwaggo, ni ma fa miji na rasa, kuma ubana ne. Mutanen da ba su haɗa komai da shi ba sun yafe. Ke wace irin zuciya gare ki?" Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta ci gaba da kaɗinta har zaren ya tsinke. Ta ce, "Ci abincinki, 'yar nan, zai huce."

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, ƙirji ne. Da na ga jikin ya ƙi, na shiga mota na je Gwaram na gaya mata. Ta saurare ni har na gama, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Na dawo ranar Litinin. Da safiyar Talata ya buɗe ido ya gan ni, numfashi na yi masa wuya, ya ce, "Ta ce wani abu?"

Na so in ce ta ce ta yafe. Allah ya sani na so. Amma mutumin da ke kara kunne ya gane tayar da ke sace iska, ni zan yi wa ƙarya? Na ce, "Ba ta ce ba, Baba."

Ya ce, "To. Kada ki riƙe ta a ranki." Ya juya fuska gabas, ya kama salati.

Aka yi sadakar uku ba ta zo ba. Na ce a raina shi ke nan, ni da Gwaram har abada. Ranar bakwai, rana ta fara sanyi, aka aiko daga tasha wai wata tsohuwa na nemana a rumfar Baba. Na yafa gyale na fita ina huci, na shirya maganganun da zan gaya mata tun daga gida.

Na same ta a zaune a kan bencinsa, a ƙarƙashin safayar. Ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya. Alhaji na tsaye daga gefe, shi ya gane ta da ta sauka. Ta ɗaga kai ta dubi tayar ta ce, "Ita ce wannan?" Na ce ita ce. Duk abin da na shiryo ya gudu.

Ta ce, "Zauna, 'yar nan. Ni na aika masa."

Na ce, "Wa?"

"Yaron. Ya daɗe bai leƙo ni ba, na yi fushi. Na ba wani direba saƙo, na ce in rana ta faɗi ranar bai zo Gwaram ba, kada ya ƙara kirana uwa. Wasa-wasa na faɗa, fushin uwa ne. Shi ya sa ya ƙi kwana." Ta share fuska da bakin mayafi. "Da na ga tayoyin nan a jingine sai na samu inda zan sauke kayana. In na ce na yafe wa Yaya, wa ya rage? Ni kaɗai. Kullum in ya zo ina bayan ƙofa ina jin tarinsa, ƙafata ta ƙi ɗaukata. Na ce gara ya tafi bai sani ba."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Inna, ya sani."

Muka dube shi.

Ya ce, "Ina tsugune kusa da su ranar. Da Malam ya ga ƙullin nan, cewa ya yi a sauke kaya a kwana. Yaron ya rage murya ya faɗa masa saƙonki. Sai Malam ya tashi ya ɗauko safayar. Ni kaɗai na ji. Da muka dawo daga binne yaron ya ja ni gefe ya ce, maganar saƙon nan a binne ta tare da shi, ita uwa ce, ba za ta iya ɗauka ba, shi Malam ne ya kwance tayoyin, a bar shi a haka. Ko lokacin da ba ma ga maciji da juna, duk Sallah kafin ya hau keke sai ya biyo ta wurina ya ce, Alhaji, amanar nan dai."

Ban taɓa jin kuka irin na Gwaggo ba, babu ƙara, sai jiki ke girgiza. Ta dafa bencin da hannu biyu tana cewa, "Wayyo Yaya. Wayyo Yaya. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ce zan nemi gafara." Sai ta juyo gare ni da sauri, ta kama hannuna yadda take yi in za ta ba ni saƙon daddawa ko kuka in kai gida, ta ce, "'Yar nan, maza ki faɗa masa…"

Ta tsaya. Ta saki hannun.

Aka kira la'asar a masallacin tasha. Babu wanda ya motsa a cikinmu, sai safayar da ke juyawa a sama. Na lura dukkanmu mun karkata kunne wajen hanyar Gwaram.

Allah ka ji ƙan bawanka mai faci. Ka yafe masa abin da ya kwance da abin da ya ɗaura, ka sauke masa kayan da ya ɗauka ba nasa kaɗai ba, ka haɗa shi da yaron da ya rena a inuwar da ba ta juyawa. Ka sanyaya zuciyar ƙanwarsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Na koma kan tukunyata bayan arba'in. Rumfar na nan a rufe, safayar na rataye, na hana a sauke ta. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, ban ma san wane ne kabarinsa a cikin jerin ba. Saboda haka da rana ta karkata, in ciniki ya lafa, sai in rufe tukunya in je in tsaya a gaban bencin, kamar na dawo daga tafiya ban sauke kaya ba.

In ce, "Baba, na same su lafiya. Ta ce wani abu."